Toshewar da Ido Ba Ya Gani: Nasiha ga Matasan Maraɗi Masu Koyon Aikin Tace Ruwa

 Wannan magana taku ce, ku samari da ƴammata da ke karatun kimiyya, injuna da kula da muhalli a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sauran makarantun koyon sana'a na Maraɗi, da ku da aka riga aka damƙa wa makullin ɗakin inji a wani asibiti, ko masana'anta, ko mayanka. Ni dai na tsufa cikin maiƙon inji da ƙarar famfo. Ƙarfin murɗa sifana ya tafi, saura na baki. Abin da zan yi muku nasiha a kai ƙarami ne a ido, har wani zai ce bai kai a tara jama'a ba: yadda ake hana na'urar da ke hura iska cikin ƙazamin ruwa toshewa. Ku yi haƙuri ku saurara, domin a irin wannan lungu ne ayyukan miliyoyin kuɗi suke mutuwa ba wanda ya ji ƙararsu.

Ku fara da duban garinku. Tsohon Maraɗi a cikin fadama yake, har ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau da gari bisa tudu. Tun daga lokacin, duk abin da muka zubar gangara yake yi. Ruwan wanka da na wanki, jinin mayanka, ruwan jimar majema, baƙin man gareji, kowanne na bin kwata ya nufi kwarin Gulbi. Gulbin nan daga Najeriya yake shigowa, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya bi ta gefen Jiratawa, ya wuce ƙarƙashin Maraɗi, ya isa Tibirin Gobir, daga baya ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Mafi yawan shekara yashi kawai za ka gani a cikinsa, amma ruwan da ke ƙarƙashin yashin kusa yake, kuma shi ke cika rijiyoyin masu garka. Abin da ɗan Maraɗi ya zubar yau, Bagobirin Tibiri na iya ɗebo shi a guga gobe.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 267,000 a birnin nan, yau kuwa an wuce haka nesa ba kusa ba. Mafi yawan gidajenmu har yanzu salga da ramin ruwa suka dogara da su, in sun cika a kira mota ta zuƙe. Mun ga abin da ƙazamin ruwa ke iya yi a daminar 2018, lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓulla a gundumar Madarumfa ta bazu, ta kama mutum fiye da 3,000, gommai suka riga mu gidan gaskiya. Gari mai wannan girma ba zai dawwama a kan salga da kwata ba. Dakar tana da matatar Kamberen tun 1989, Abuja tana da ta Wupa tun 2007, kuma ƙanana irinsu suna ta shigowa manyan asibitoci da otal-otal da masana'antun ƙasashenmu. Masu ba da kuɗi za su gina, a yanke ƙyalle, a tafa, kowa ya watse. Ku za a bari da injin.

To, mene ne aikin iska a wannan sha'ani? A shekarar 1914, a birnin Mancesta na Ingila, wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka nuna cewa in aka yi ta hura iska cikin ruwan masai, wata laka mai launin ƙasa takan taru, cike da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu cin dauɗar da ke narke a ruwan. In aka bar lakar ta kwanta, aka tsiyaye ruwan sama, aka mayar da ita cikin sabon ƙazamin ruwa, sai ta ci gaba da aikinta cikin awoyi maimakon makonni. A kan wannan laka mai rai aka gina yawancin matatun duniya har yau. Ma'aikatan gaskiya su ne ƙwayoyin nan. Abincinsu yana zuwa kyauta daga gari, abin da kawai suke nema a wurinku shi ne numfashi.

Numfashin kuwa da tsada yake. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, kuma oksijin ba ya son narkewa a ruwa. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 miligiram 9 kawai take iya riƙewa, in zafin ya kai digiri 30 ya sauko wajen 7.5. Kun ga mu da ke ƙasar zafi tun farko an rage mana rabo, ga shi kuma zafin na ƙara wa ƙwayoyin ci da buƙatar iska. Shi ya sa ake shimfiɗa bututu a gindin tanki, a jera faya-fayai a kansu, kowane faifai an lulluɓe shi da fatar roba mai dubban ƙananan tsagogi. Injin hura iska na turowa, robar ta kumbura, tsagogin su buɗe, ƙananan kumfa masu faɗin milimita 1 zuwa 3 su taso. Ƙanƙantar kumfar ita ce sirrin. Ƙaramar kumfa a hankali take hawa, tana sakin oksijin ɗinta a hanya, babba kuwa da gudu take fita ta fashe a sama da kayanta a ciki. A irin wannan matata, hura iska kaɗai kan ci rabin kuɗin kuran, sau da yawa ma fiye. Duk wannan kuɗi ta tsagar da ba ta kai tsinin allura ba yake wucewa. In tsagar ta toshe, kuɗin ya bi iska.

Ta hanya uku toshewa ke shigowa, kuma wajibi ne ku rarrabe su, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ta farko daga cikin bututu take, kuma ita ce tamu ta gado. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu na kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, mai laushi ƙwarai, wadda ke shiga ɗaki ko an rufe taga. Injin hura iska dare da rana yake zuƙa, abin da ya zuƙa kuwa cikin faya-fayai yake kai shi. Matacin iska da ke bakin injin shi kaɗai ke tsakanin hazo da tsagogin nan. Littafin da ya zo da injin zai ce a duba matacin bayan watanni kaza, amma wanda ya rubuta littafin bai taɓa kwana a Maraɗi cikin Janairu ba. A lokacin hazo ku duba shi kowane mako, in buji ya taso ku duba washegari. Akwai wata dabarar banza da ake yi in mataci ya cushe: a cire shi gaba ɗaya wai inji ya samu sarari. Ranar da aka yi haka injin zai yi ƙara mai daɗi, amma an buɗe wa ƙura ƙofar da ba a iya sharewa, domin dauɗar da ta lafe a cikin faifai hannu ba ya kai mata. Kada bakin zuƙar iska ya kasance kusa da ƙasa, ko ya fuskanci gabas inda iskar hunturu ke fitowa, ko ya yi maƙwabtaka da salansar janareta. Ku lura kuma da tsatsar bututun baƙin ƙarfe da man da ke yoyo daga injin, su ma hanyar nan suke bi.

Ta biyu ɓawo ne da ke kamawa daga waje. Ruwan rijiyoyin burtsatse yakan zo da ma'adanai narke a cikinsa, irin su alli da ƙarfe. Farin ɓawon nan da uwayenku ke kankarewa a gindin butar shayi, shi ne dai ke kama bakin tsagogin faifai. Iskar da inji ya matsa zafi take yi, har ba ka iya dafa bututun da ke fitowa daga injin, balle a watan Afrilu da iskar waje ma ta haura digiri 40. Busasshiyar iska mai zafi na ratsa tsaga, ta ƙafar da ɗan ruwan da ke bakinta, ma'adanin ya zauna. Yau kaɗan, gobe kaɗan, sai tsaga ta ƙuntata, roba ta sandare. In matatar tana karɓar ruwan majema, inda ake cire gashi da toka da farar ƙasa, abin ya fi sauri.

Ta uku yauƙi ne mai rai. Ƙwayoyin da kuke ciyarwa ba su san faifai kayan aiki ne ba, suna manne masa su yi shimfiɗa, yashi da zare da maiƙo su zo su maƙale a kai. Kumfa in ta fito ƙarama sai ta tarar da wannan bargo, ta haɗu da ƴan'uwanta a ƙarƙashinsa, su ɓullo a matsayin ƙatuwa ɗaya. Kitsen mayanka, man gyaɗar masu tuya da na matsar mai, da baƙin man gareji suna ƙara wa abin muni, domin mai yana sa baƙar robar da aka fi amfani da ita, wadda ake kira EPDM, ta kumbura ta saki. Inda ruwa ke da maiƙo sosai, fatar silikon ko ta foliyuritan ta fi jurewa. Wannan shawara ce da ake yankewa tun kafin a sayo kaya, saboda haka in an tambaye ku, ku faɗa, in ba a tambaye ku ba ma ku faɗa cikin ladabi.

Abin da ya sa wannan cuta ta fi sauran haɗari shi ne duk a ƙarƙashin mita huɗu ko biyar na ruwa mai duhu take aikinta. Famfo in ya lalace tsayawa yake yi, kowa ya sani. Faifai kuwa yana iya rasa kashi mai yawa na amfaninsa alhali inji na juyawa, ruwa na tafarfasa a sama, baƙo ya zo ya leƙa ya ce ma sha Allah. Masu bincike a Amurka, irin su Stenstrom da Rosso, sun auna matatu da dama suka nuna cewa faifan da ba a wankewa, amfaninsa yakan faɗi sosai tun cikin shekaru biyun farko. Saboda haka nasihata mafi girma ita ce ku riƙe awo, ku riƙe alƙalami.

Agogon matsin iska da ke kan bututu shi ne bakin faifai, ta nan yake kai ƙara. Ga lissafin, a matsayin misali. Kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa tana danne iska da kusan milibar 100. In faya-fayanku na ƙarƙashin mita 4, ruwa kaɗai ya ci 400. A ce bututu da sababbin faya-fayai sun ƙara 50, agogo ya nuna 450 ranar da aka fara aiki. Ku rubuta wannan lamba da babban baƙi, ku manna ta a bangon ɗakin inji, domin duk awon da za ku yi nan gaba da ita za ku gwada shi. In bayan shekara agogo na nuna 500, a zurfin ruwa ɗaya da yawan iska ɗaya, to hamsin ɗin nan dauɗa ce, kuma kuna biyan kamfanin kuran fiye da kashi ɗaya cikin goma a banza, injin na ƙara zafi, kwanansa na raguwa. In kuwa agogo ya faɗi kwatsam, kada ku yi murna, roba ce ta yage ko bututu ya ɓalle. Ku je bakin tanki za ku ga wuri ɗaya yana ɓulɓulowa da ƙarfi, gefensa ya yi lif.

Agogo shi kaɗai bai isa ba, domin yauƙi yana iya ɓata kumfa ba tare da ya ɗaga matsi sosai ba. Ku haɗa da ma'aunin oksijin. Abin da ake nema a cikin tanki shi ne wajen miligiram 2 a lita. In da iskar da kuka saba bayarwa kuna samun 2, yanzu kuma ba kwa wuce rabin ɗaya, alhali ƙazantar da ke shigowa ba ta ƙaru ba, ku zargi faya-fayai. Kan ma'aunin shi ma yauƙi na kama shi, ku riƙa goge shi, kada ya yi muku ƙarya. Kowace safiya ku ɗebo lakar tanki a cikin kwalbar awo mai cin lita ɗaya, ku bar ta minti 30, ku rubuta inda ta kwanta. Laka mai lafiya launin ƙasa gare ta, da ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, ruwan samanta garau. In ta fara baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayoyinku sun shaƙe.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana darajar awo ba, mun riga mun biya kuɗin makarantar. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 aka shayar da mutanen Tibiri ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi, fari tas, ba wari ba launi. Ashe sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka fiye da sau uku abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato miligiram 1.5 a lita. Shekaru suka shuɗe, haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan wasu suka tanƙware, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Wancan ruwan sha ne, naku ƙazamin ruwa ne, amma darasin guda: ruwa yana ɓoye abin da ke cikinsa, sai wanda ya auna, ya rubuta, ya kuma buɗe baki ya faɗi abin da ya gani.

Yanzu sai magani, kuma mafi arharsa shi ne tare ɓarna tun daga ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ragar ƙarfen da ke bakin matata, wadda ke tare leda da tsumma, a kwashe ta kullum. Ramin da yashi ke kwanciya a yashe shi kafin ya cika, musamman da damina da ruwan sama ke wanko rairayin titunan Maraɗi. Tarkon maiƙo a ɗebe shi. Ku je da ƙafarku wurin sarkin fawa, da masu gareji, da masu gidan abinci da ke zuba ruwa a layinku, ku gaishe su da girmamawa, ku nuna musu abin da kitse da baƙin mai ke jawowa. Magana mai daɗi a bakin kwata ta fi asid a cikin tanki. In matatarku irin mai farfela ce da ke kaɗa ruwa daga sama, leda da tsumma su ne abokan gabarku: suna naɗe farfela, ta rinjayi gefe guda, ta yi ta girgiza har ta cinye giyar injin.

Sai motsa robar. A kai a kai, kullum ko kowane mako gwargwadon abin da maƙerin ya tsara, a ƙara iska zuwa iyakar da faifai zai ɗauka na ƴan mintoci, sannan a mayar da ita yadda take. Robar ta miƙe ta koma, ɓawon da bai yi ƙarfi ba ya farfashe, yauƙi ya saɓule. Ba ya cin ko dala, amma sai an yi shi tun dauɗa na ɗanya. Haka kuma a gindin bututu ruwa kan taru daga raɓar iska, akwai ɗan famfon zubar da shi, a buɗe shi kowane mako. Ku dubi abin da ya fito. In fari ne, lafiya. In laka ce, akwai inda ya yage a ƙasa.

In ɓawo ya riga ya kama, ana fesa asid ɗin fomik kaɗan-kaɗan cikin bututun iska yayin da inji ke aiki, iskar ta kai shi bakin tsagogi ya narkar da allin, kuna kallon agogo yana saukowa. Yana cin ɓawo, amma ƙarfinsa a kan yauƙi da maiƙo kaɗan ne, a kan ƙura kuwa babu. Kada ku yi awonsa da ka. Ku bi abin da maƙerin ya rubuta, ku tabbata bututunku na jure shi. Sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, inda akwai tanki na biyu da zai riƙe aiki, a zubar da ruwan tanki a wanke. A bar iska kaɗan tana fita yayin da ruwa ke sauka. A wanke da tiyo da buroshi mai laushi, ban da buroshin waya, ban da wuƙa, ban da taka faifai da ƙafa. Kada a bar laka ta bushe a kansu, kada kuma a bar su a ranar Maraɗi tsirara, domin rana na cin roba da bututun leda. In an gama, a zuba ruwa mai tsabta ya ɗan rufe su, a kunna iska, a bi layi-layi ana duba kumfar kowanne. Fatar roba takan yi shekara 5 zuwa 10 kafin ta sandare ta nemi canji. Ku sa kuɗin canjin a kasafi tun shekarar farko.

Akwai kuma matsalar ɗaukewar kuran, wadda ba sai na ba ku labarinta ba. Wutar Maraɗi ta layin Katsina take zuwa, kuma kun ga yadda aka sha duhu na watanni bayan Najeriya ta katse ta a Agustan 2023. Duk lokacin da iska ta tsaya, laka na kwanciya bisa faya-fayai. Sabuwar roba takan rufe bakinta ta hana ruwa shiga, tsohuwa kuwa tana barin laka ta sulale cikin bututu, in iska mai zafi ta dawo ta gasa ta a ciki. In tsayawar ta yi awoyi da yawa ƙwayoyin ma sukan fara mutuwa. Saboda haka in man janareta kaɗan ne, injin hura iska ne farko, kafin na'urar sanyaya ofis. In wuta ta dawo ku tada iska a hankali, ku buɗe famfon zubar da ruwan bututu, ku rubuta awa nawa aka yi babu iska.

Ƴaƴana, ranku ya fi kowane inji. Tankin da aka zubar da ruwansa da ramin da ke rufe suna tara iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka ta tafi, sai ya faɗi. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Kada ɗayanku ya sauka shi kaɗai, ko ba igiya a ƙugu, ko ba a hura iska mai kyau an auna ba. Ruwan da ake hura wa iska bai kai ruwan gulbi ɗaukar mutum ba, ko gwanin iyo yana iya nutsewa, ku kiyayi bakin tanki. Asid sai da tabarau da safar hannu, kuma kada ya taɓa haɗuwa da ruwan jabel, domin hayaƙin da ke tashi daga haɗin guba ne. Kafin hannu ya shiga inji a kashe wuta, a kulle, makulli a aljihunka.

In kuna son ganin yadda kula da inji ke zama abinci, ku je Jiratawa. Tun farkon shekarun 1980 ake noman rani a can, a fili mai fiye da hekta 500 da hukumar ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma, da ruwan da famfunan lantarki ke jawowa daga rijiyoyin burtsatse. Zogalen da ake kwaɗawa a gidajen Maraɗi, da yawansa daga can yake. Manomin Jiratawa bai karanta littafin injiniya ba, amma ya san cewa in famfo ya rage ƙarfi, awoyin ban ruwa na ƙaruwa, kuɗin ruwan da zai biya bayan girbi ya hau. Ku koyi wannan harshe, domin da shi za ku yi magana da shugabanninku. In ka ce wa darakta faifai ya toshe, zai ce a bari sai baɗi. In ka ajiye masa littafin awo da takardar kuɗin kuran ta watanni shida, ka nuna masa jika nawa ke zubewa kowane wata da jika nawa wanki zai ci, zai saurare ka. Ku tuna kuma ruwan da kuka tace da kyau dukiya ce a ƙasar da ruwan sama ke zuwa wata uku ko huɗu. Iska ita kaɗai ba ta kashe dukan ƙwayoyin cuta, sai an bi da maganin kashe su ko tafkunan da rana ke gasawa, amma wannan mataki na ƙarshe ba ya cin nasara a kan ruwa mai gurɓi. In iska ta gaza, duk abin da ke bayanta ya gaza.

Wata rana wasunku za su zauna a kujerar da ake zaɓar irin matatar da za a gina. A ranar ku tuna cewa ba dole ne kowane wuri ya samu injin hura iska ba. A Kosodo ta birnin Wagadugu, tun 2004 ake tace ƙazamin ruwa da jerin manyan tafkuna, rana da gansakuka ke samar da oksijin. Suna cin fili, amma ba sa neman kuran dare da rana. Inda fili ya yi ƙaranci, kamar asibiti a tsakiyar gari, inji ya zama dole. To a nan ku tambaya tun kafin a sa hannu: ina za a samo mataci da fatar roba in sun ƙare, wa zai biya kuran, an raba tankin biyu domin a iya wanke ɗaya, akwai inji na biyu da zai karɓi ɗan'uwansa? In babu amsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san abin da ake faɗa a gari game da wannan sana'a. Za a ce duk karatunka ka ƙare a ruwan masai, za a ce wa ƴa mace wannan ba aikinta ba ne. Kada ya dame ku. Likita yana warkar da wanda ya kwanta, ku kuwa kuna hana unguwa guda kwanciya, kuma ba wanda zai zo ya gode muku, domin cutar da ba ta zo ba ba ta da labari. Jarrabawarku tana cikin littafin awo. Da zafin azahar, shaiɗan zai raɗa maka ka zauna a inuwar bedi ka kwafe lambar jiya, ai ba mai gani. Lambar ƙarya guda ɗaya tana lalata amfanin na gaskiya ɗari, kuma mai garka a Tibiri da yaron da ke wasa a yashin Gulbi sun ba ka amanar da ba su ma san sun bayar ba. In ba ka auna ba, rubuta cewa ba ka auna ba. In ka ga abin da ya fi ƙarfinka, kai shi gaba a rubuce, ka riƙe kwafi. In an kawo maka ƙaramin ma'aikaci, koya masa duk abin da ka sani, kada ka ɓoye ilimi domin a riƙa nemanka.

Saboda haka ku duba mataci, ku karanta agogo, ku auna oksijin, ku motsa roba, ku wanke a kan lokaci, ku rubuta gaskiya. Ku kuma hukumomi da masu ba da kuɗi, in kun gina, ku ware na kulawa, ku saurari yaran nan in sun kawo muku littafinsu. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a bakin aikinku, ya ba ku halaliyarku, ya kare Maraɗi da Tibiri da Jiratawa daga annoba.